Gurbi Uku da Na Ƙi Cikewa

A shekarar da za a zo tantance kwasa-kwasan da jami'armu ke koyarwa ta intanet, ni aka ɗora wa aikin jadawali. Aikin ba shi da wata daraja a ido. Kowane kwas yana da manufofinsa, wato abin da aka yi alkawarin ɗalibi zai iya idan ya gama. Nawa shi ne in buɗe darasi, in karanta, in kalli bidiyon, sannan in rubuta a gurbinsa cewa wannan darasin shi ne ya cika manufa kaza. Idan babu, in bar gurbin a wofi.

Mu biyu ne a ofishin, ni da wata 'yar Filato da ta girme ni a aiki, muna ce mata Madam. Daga Durumi take zuwa, ni kuma daga Tungan Maje, don haka kullum tana riga ni isowa. Tare muke cin abincin rana.

Kwas ɗin da ya hana mu sakat shi ne na koyar da manoma dabarun zamani. Daktan da ke riƙe da shi ya yi wata uku yana ce mana gobe zai turo darussansa. Sai ga shi ranar wata Litinin, saura mako biyu baƙi masu tantancewa su zo, darussa goma sha biyu sun shigo a tashi ɗaya. Na duba kanun darussan, kowanne ya zauna daram a kan manufarsa. Da farko har na yi hamdala. A na bakwai ne na tsaya. Kan darasin ya ce ɗalibi zai iya "auna faɗin gano". Gona ake nufi. Kuma wannan kuskuren nawa ne, ni na buga shi a jadawalina, ban kai ga gyarawa ba.

Wani ya ba Dakta jadawalina ke nan. Fayil ɗin kuwa mutum uku ne kawai ke iya buɗe shi: ni, Madam, da ogan sashenmu.

Na shiga cikin darussan ɗaya bayan ɗaya. Tara sun yi daidai ko kusa da haka. Uku kuwa riga kawai aka sauya musu. Na bakwai, mai maganar awon gona, daga farkonsa har ƙarshe bayani ne kan adana hatsi a rumbu. Babu igiya, babu taku, babu ko hoton gona.

Zuciyata ta tafi kan Madam kai tsaye. Na tuna na taɓa ganin Dakta ya rage mata hanya. Na tuna yadda take rage murya idan waya ta shigo. Abin da ban taɓa kula da shi ba duk ya zama shaida. Na sauya kalmar sirrin kwamfutata. Idan zan fita sallar azahar sai na kashe ta gaba ɗaya. Na fara cewa ina azumi, har ranar Laraba.

Ran nan ta ja kujerarta ta zo gabana.

"Malam, azumin Laraba kuma daga ina? Faɗa mini abin da na yi maka."

Na juya mata fuskar kwamfutar, na nuna mata "gano" a jadawalina, na nuna mata shi a darasin Dakta. Ta daɗe tana kallo. Ba ta yi fushi nan take ba, sai da ta gane inda na dosa.

"Wato ni ne ɓarawon," in ji ta. "Shekara nawa muna cin abinci a kwano ɗaya? Ka tambayi oga mana. Ko shi ba ka iya zarginsa?"

Gaskiyarta. Na zarge ta ne don ita ce zarginta ba zai ja mini komai ba.

Da la'asar na shiga wurin oga. Mutum ne mai fara'a, ba ya ɗaga murya. Ya saurare ni yana juya biro.

"Ni na tura masa," ya ce. "Don ya san abin da ake nema. Laifi ne?"

"A'a, ranka ya daɗe. Amma guda uku kanun kawai ya sauya."

"Baƙin nan kwana biyu za su yi. Kana jin za su buɗe darasi na bakwai? Kai dai ka cike gurbin. Bayan sun tafi sai a gyara."

Na ce to. Na fito ban cike ba, ban kuma gaya masa ba zan cike ba. Ba jarumta ba ce. Sa hannuna ne a ƙasan takardar, kuma na fara tunanin ko shi ya sa aka ba ni aikin tun farko.

Madam ce ta warware abin, ko da yake kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau. Tana da wata 'yar cocinsu da mijinta ke noma a Jiwa. Ta kira Dakta da kanta, ta ce masa gona tana nan, manomi yana nan, ranar Asabar za mu zo da kyamara. Ya zo yana ta ƙunƙuni, takalminsa mai sheƙi ya sha jar ƙasa. Amma da ya kama igiyar awo sai ya zama wani mutum daban. Ashe ya iya koyarwa. Mun ɗauki darussa biyu kafin hadari ya kore mu. Na ukun bai samu ba, haka na miƙa jadawalin da gurbi ɗaya a buɗe.

Baƙin sun zo, sun sha shayi, sun duba abin da suka duba. Ban san ko sun ga gurbin ba, don ba a kira ni ɗakin ba. Kwas ɗin ya tsallake.

Bayan wata guda aka mayar da ni sashen rajistar ɗalibai. Oga ya kira ni da kansa, ya ce an ga ƙwazona ne, can ɗin suna bukatar mai lura irina. Ya miƙo mini hannu yana murmushi, na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Har na kai bakin ƙofa ina jin idonsa a bayana.