Ranar Wankin Tanki

Duk wanda ya taso a garin nan ya san ranar sha biyu ga Fabrairu ba a buɗe famfo. Ko ka buɗe ma, tari zai yi maka ya yi shiru. Ranar ce ake zubar da ruwan babban tankin da ke tsaye kan ƙafafunsa na ƙarfe a bayan tasha, a wanke cikinsa. Wai a irin ranar aka fara cika shi, shi ke nan aka ɗore a kai. Tun ana gobe mata ke cika duro da bokitai, har da butar shayi, suna yi suna mita da sunan mutum ɗaya: Na-Sama.

Shi ne mai hawa. Ya shiga hukumar ruwa yana saurayi, ƙafafu kamar sillen kara, a shekarar da tsohon mai hawan ya ce jiri ya fara ɗibarsa. Sauran kwanakin shekara a ƙasa yake yin su, tonon bututu da ɗaure inda ya fashe. Amma ranar wanki sai ya rataya burushi da igiya ya kama tsani. Kafin ya buɗe murfi ya shiga ciki, sai ya zaga barandar da ta kewaye tankin sannu a hankali, ya ƙare wa garin kallo. Na cikin gari ba sa ganin girmansa. Shi kuwa kamar kawun da ke zuwa ganin yara shekara-shekara yake, shi ke gane wanda ya ƙara tsawo.

Hawansa na fari, garin a layin dogo ya ƙare, bayansa gonaki ne. Gidan silima ba shi da rufi, yana iya hango bencinan. Wata shekara ya ga gada ta kai tsakiyar kogi ta tsaya, shekara ta zagayo tana nan yadda take, awaki na shan inuwarta, sai ga shi a wani hawan nasa, motoci na bin kanta. Akwai shekarar dokar hana fita, da soja ya rako shi har gindin tsani, ya hau ya ga tituna fayau, sai shirwa ke yawo. Akwai wadda yana tsugune cikin laka ya ji maƙwabcinsa na ƙwala masa kira daga ƙasa cewa an sauka lafiya, mace ce. Ya sa mata sunan mahaifiyarsa, yana kiran ta Uwata.

Wadda ya fi ba da labarinta ita ce shekarar gobarar 'yan katako. Shi ya fara hango hayaƙin. Ya ɗauki sifana ya dinga buga cikin tankin, tanki babu ruwa kuwa ƙararsa har bayan kogi. Sai kuma ya tuna shi da hannunsa ya zubar da ruwan gari da asuba. Yana tsaye yana salati sai ya ga ƙofofi na buɗewa. Ruwan da kowane gida ya tara don ranar wanki aka dinga fitowa da shi, a ka, a baro, a kan keke. Rumfuna kaɗan suka ƙone. Ranar gari ya kwana ba wanka, amma babu wanda ya yi masa mita.

To, bana ce ta ƙarshe. A watan gobe zai ajiye aiki, kuma ƙofar shingen tanki ba a buɗe wa wanda ba ma'aikaci ba. In bai ga garin bana ba, ya gama ganinsa ke nan. Matsalar gwiwa ce, da kuma 'yar tasa, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ta san gwiwar ciki da bai.

"Baba, ƙafar da ba ta shiga motar haya sai an tallafa maka, ita za ta hau tanki?"

"Motar ce ba ta da mutunci, Uwata. Tsanin nan ya san ni."

"Ya san ka da baƙin gashi."

Da ta ga ba zai ji ba, sai ta nemi hutun yini ta biyo shi. Ta ce in faɗowar ce, gara a yi ta a gabanta.

A bakin shinge suka tarar da Iya mai wanki, wadda ba ta taɓa fashin zuwa yi masa tsiya ba.

"Na-Sama, ashe kana nan da ranka? Bana ma ka kashe min kasuwa."

"Iya, hutu nake ba ki kyauta, ko godiya babu."

"Hutun da kayan mutane ke tsami a ɗaki? Hau dai, Allah ya sauko da kai lafiya, in samu wanda zan zaga."

Gajere, wanda Na-Sama ya koya wa aikin kuma zai gaje shi, ya yi gaba. Tsoho ya bi baya, hannu, ƙafa, hannu, ƙafa. A tsakiyar tsanin akwai wani ɗan dandamali inda ake juyawa. Tsawon shekarun nan bai taɓa tsayawa a kansa ba. Yau da ya kai nan gwiwar ta ce ita kam ta iso. Ya lallaɓa ta, ya ɗaga, ta ƙi.

"Maigida, in zuro igiya mu ja ka?" in ji Gajere daga sama.

"Ni buhun siminti ne?"

Ya zauna, ya jingina da babban bututu. Daga nan ba a ganin gada, ba a ganin kogi, sai rufin unguwa. Idonsa ya kawo ruwa, ya bar wa iska laifin. Da ya sunkuyar da kai sai ya ga abin da bai taɓa gani ba daga can ƙoli, inda mutane ke zama kamar tururuwa. Fuskoki ya gani. Mai faci, mai shayi, direbobin tasha, Iya da hannu a ƙugu, duk sun ɗaga kai suna jiransa.

"Gajere, zaga barandar nan. A hankali, ba gudu ba. Me ke gabas?"

"Gidaje, maigida, har inda ido ya ƙare."

"Tsamiyar bayan mayanka fa?"

"Babu tsamiya. Wani dogon ƙarfen kamfanin waya ne a wurin."

"Bara aka sare ta," in ji mai faci daga ƙasa. Mai shayi ya ce ƙarya ne, iska ce ta kayar da ita. Kafin ka ce me, gardama ta kaure. Gajere na faɗa daga sama, Na-Sama na faɗin abin da ke wurin a da, na ƙasa na gyara masa. Wani direba ya ce a gidan silimar nan ya fara ganin uwar 'ya'yansa. Iya ta ce duronta biyu suka tafi a gobarar nan, har yau tana jiran mai dawo mata da murfin ɗaya.

Nan Na-Sama ya yini, har aka gama wanki aka tayar da inji. Ya ji bututun da ke bayansa ya ɗauki rawa, sanyin ruwa na ratsa rigarsa yana hawa. Ya ce alhamdu lillahi, ya sake faɗa.

Sai ga kan 'yarsa ya ɓullo ta bakin dandamalin. Roƙo ta yi aka buɗe mata shinge, ta hau don ta sauko da shi, amma ta yi kuskuren leƙa ƙasa. Ta rungume ƙarfe, ido a rufe gam.

"Baba, ba zan iya ba."

Ya yi dariya har da tari. Ya zuro lafiyayyar ƙafar, ya zagaya ta ƙasanta, ya dafa diddigenta.

"Kalli ƙarfen da ke gaban hancinki kawai, Uwata. Yauwa. Sako ta dama, ina riƙe da ke."