Kwanon da Ke Ƙarƙashin Gadon Lufeyo

Duk ƙauyen Chimbalanga babu wanda bai san Lufeyo Kamwendo yana da kwanon rufi ba, kuma babu wanda ya taɓa ganin kwanon a saman ɗakinsa. Yana ƙarƙashin gado, lulluɓe da tsofaffin buhuna kamar kayan sata.

Lufeyo ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gonakin tabar wasu, ya fito da ciwon baya da tsohon keke. Ya auri Nangondo, ya tare a ƙauyen iyayenta kamar yadda aka saba a yankin, suka haifi mace da namiji. Macen ta rasu ta bar musu marayu. Namijin, Yohane, yana birnin Joni, can ƙasar waje, yana ban ruwan furanni a gidajen masu hali, shi ne ya aiko da kwanon don ya san burin uwarsa.

Burin ba wani babba ba ne. Tana budurwa ta taɓa fakewa a barandar wani shago a Dedza, ruwa na dukan kwano, ta shagala da saurare har motar garinsu ta tafi ta bar ta. Tun daga ranar take cewa ba za ta mutu ba sai ta ji wannan kiɗan a ɗakinta.

Sai dai kwanon ya iso a shekarar da fari ya ƙone gonaki, shekarar da wata ƙungiyar agaji ta Turawa ta fara rabon masara da wake da man girki. Su kuwa hanyarsu ta gane talaka guda ce, su ɗaga kai su dubi rufi. In ciyawa ce ka samu buhu, in kwano ne Allah ya ƙara arziki. Ba sa leƙa rumbu, balle tukunya. Wanda ya ƙirƙiro dabarar nan, da gani bai taɓa kwana da yunwa a ɗakin kwano ba. Maƙwabcinsu Mateyu ya rufa nasa ana gobe za su zo, ga shi nan da ɗaki mai ƙyalli, iyalinsa na dafa ɗanyen mangwaro.

"Mu bari rabon nan ya wuce," in ji Lufeyo. "Baɗi sai mu rufa."

Baɗi ta zo da tsutsa a gona, wadda ta biyo ta ta zo da ambaliya. Farar motar ƙungiyar ba ta daina zuwa duba rufi ba, kuma ba ta faɗin ranar zuwanta. Jinkar ta ruɓe, sabuwar ciyawa ta yi wuya, in aka yi ruwa sai Nangondo ta jera kwanukan cin tuwo a tsakar ɗaki tana tari.

"Baban Yohane, ka ga ikon Allah?" ta ce wata la'asar da ruwa ke ɗiga kan gado. "Kwano a ƙasa, mu a sama. Mu ne rufinsa."

"Ki yi haƙuri, Nangondo."

"Haƙurin ne ai ya zama tarin nan."

"To in na kafa shi, me yaran nan za su ci? Kusa?"

Ta bar zancen, don ita ke tuƙa tuwon, ta fi shi sanin inda garin yake fitowa.

Mateyu kuwa in sun haɗu a hanya sai ya ce, "Attajirin ƙarƙashin gado, yaushe za a gayyace mu bikin rufi?"

"Ranar da ka fara miya da naka," in ji Lufeyo. Su yi dariya, kowa ya wuce da nasa ciwon.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne wayar Yohane. "Baba, an rufa?" Shi kuma ya ce ana neman kafinta mai kyau. Kunya ta ishe shi, haushin ƙungiyar ya ishe shi, amma ranar rabo shi ne a sahun gaba yana cire hula yana godiya. Gaba kura, baya siyaki.

Da tarin ya kwantar da Nangondo, ya rantse ko me za a yi sai ya rufa. Ya hau keke ya sayo kusoshi. A hanyar dawowa ya hango farar motar a ƙofar dagaci. Ya shigo ɗaki hannu a aljihu, ta dube shi sau ɗaya.

"Sun zo ko?"

"Sun zo."

"To ajiye kusoshin."

Ba ta kai ƙarshen makon ba.

Ranar jana'iza hadari ya haɗo, ga jama'a cike da tsakar gida. Lufeyo ya durƙusa da kansa ya jawo kwanon. Maza suka kafa sanduna suka ɗora, aka ajiye akwatin gawar a ƙarƙashi. Matan coci na tsakiyar waƙa ruwa ya tsuge, ya shiga dukan kwanon da ƙarfi, su kuma suka ƙara murya. Lufeyo ya ɗaga musu hannu.

"Don Allah ku dakata," ya ce. "Ku bari ta ji."

Suka yi shiru har ruwan ya ɗauke.

Washegari Mateyu ya shigo da guduma. "Tunda dai ya fito, bari mu hau mu kafa maka."

Lufeyo ya dubi jikokinsa zaune gefen murhu suna jiran tukunya.

"Jibi rabo ne," ya ce. "Kama min wancan gefen."

Suka goge kwanon da tsumma, suka tura shi ƙarƙashin gado, ta ɓangaren da Nangondo take kwanciya.