Tauraron da Hulda Ta Zana

A garin Jena na ƙasar Jamus, zamanin da ake kunna fitilun titi da hannu, an yi wani malamin makaranta, Alwin Rothe, wanda jikinsa ke aji amma hankalinsa yana can wajen mutanen da suka shuɗe tun ba a san rubutu ba. Girkanci yake koyarwa. Da an tashi, sai ya baje littattafan Girka da na Indiya da na Farisa a teburin cin abinci, yana bin sawun harshen da ya haife su duka. So yake ya gano yadda waɗancan kakanni ke bambanta abin da mutum ya aikata, da abin da aka yi masa, da wanda ya yi wa kansa. Wani lokaci har yakan ji muryoyinsu can nesa, suna kora shanu cikin doguwar ciyawa, miya tana hucewa a gabansa.

A sana'ar masu bin sawun tsoffin harsuna, kalmar da aka tabbata an taɓa faɗa amma ba wanda ya ji ta, sai a sa mata alamar tauraro. Matarsa Hulda ta san haka sarai, don ta sha ture takardun nan kafin ta ajiye kwano. Ita kuwa kalma ɗaya take jira tun ranar aurensu.

"Malam, ka san yadda matattu ke cewa an haife su. Ni da ke raye, ba ka taɓa cewa kana sona ba."

"Haba Hulda, ai a bayyane yake."

"A ina? Cikin tukunyar kabeji?"

Sai ya yi murmushi, ya koma kan littafi. Yana sonta kamar ransa, baki ne ya yi masa nauyi, kullum sai gobe.

Da tsufa ya kawo jiki, kunnuwanta suka fara toshewa. Kukan tsuntsaye ya ɓace mata, daga baya har ƙararrawar coci. Tsoro ya kama Alwin, kada ta kurumce bai faɗa mata ba.

Wata safiya tana murza kwaɓin burodi, ya tsaya a bayanta, ya cire hula, ya faɗa. Ba ta juyo ba. Ya zagayo gabanta ya sake faɗa. Ta daɗe tana kallon leɓɓansa. Sannan ta sa yatsa cikin garin da ke kan tebur, ta zana ɗan ƙaramin tauraro.

"Na yarda an faɗa, Malam," in ji ta. "Ni dai ban ji ba."