Facin Rigar Janar

Shekarunta saba'in da uku, mijinta ya rasu, tana ɗinki a wata 'yar rumfa da ke jikin katangar ofishin tsofaffin sojoji. Mai Keke ake ce mata tun zamanin juyin juya hali.

A lokacin mata ne ke bin rundunar a baya, masu girki, masu ɗebo ruwa, masu jinya. Ita keken ɗinkinta take ɗauka a ka. Aikinta rigunan waɗanda suka mutu: a tuɓe, a wanke jinin, ta toshe ramin harsashi da faci ta ciki, don kada sabon sojan da za a ba rigar ya tsorata. Duk da haka, wanda ya daɗe a rundunar ya san hannunta. Da aka ci nasara, maza suka rabe lambobin yabo a tsakaninsu. Ita aka ba ta aron rumfa, kuma ba a gajiya da tuna mata cewa aro ne.

A watan jiya sakataren ƙungiyar tsofaffin sojojin ya shigo da wata rigar soja ta gwanjo. Lokacin yaƙin ko rarrafe bai fara ba, amma ƙirjinsa cike da lambobi. Ya ce za a buɗe gidan tarihi, ana son rigar da aka harbi Janar a cikinta.

"Wane Janar? Mai tsaron sito?" in ji ta. "Ɗan nan, mutumin da ko sauro bai same shi ba saboda ɓuya a bayan buhuna?"

"Iya, ke dai ki huda, ki yi facin nan naki. Masu neman rumfar nan fa suna da yawa."

Ba ta da wani wurin kafa keke, ɗakinta ko tabarma biyu ba ya ci. Ta karɓa.

Sai da safiyar buɗewar ta kai rigar a ninke, sakatare bai ko duba ba. Janar ya turo tumbi gaban jama'a, ya warware ta da hannunsa. Gaban rigar lafiya lau. Ya juya ta, sai ga faci tsaf a gadon baya, inda harsashi ke samun mai gudu. Tsofaffin sojojin da aka zaunar a can baya duk suka kama tari don ɓoye dariya.

Jiya, tun kafin sakatare ya aiko a kore ta, ta kwance keken daga teburinsa, ta naɗa gammo, ta ɗora shi a ka kamar dā. Ta gaban ofishin ta bi, ba ta yi wa kowa sallama ba.