Awarwaron Roba a Hannun Zulfa

Zulfa ta rasu ranar wata Talata da hantsi, yau kwana arba'in da uku ke nan. Ni ce Suhaila, ƙofar gidana na kallon tata a wani lungu kusa da masallacin Ƙiblatain a Madina, shekara talatin da shida muna haka. Mutane sun faɗi kirkinta a zaman makoki, kuma gaskiya suka faɗa. Ni tafiyar da ta yi zuwa wani tsibiri nake so in rubuta, don har yau ban gama gane ta ba.

A Madina aka haife ta. Kakanta ne ya taso daga Damagaram da ƙafa, ya zo bai koma ba. Mijinta Balarabe ya yi aikin dabino a gonakin unguwar Awali har Allah ya karɓi ransa. Ita kuma shekara ashirin da bakwai ta yi tana aiki a wani masaukin mahajjata: gyaran gado, tafinta, da raka marasa lafiya mustashfa, wato asibiti. Amma an fi saninta da tsintar tsofaffi. Duk tsohuwar da ta ɓata a hanyar Harami tana tsaye tana kuka, Zulfa za ta kama hannunta, ta juya awarwaron da aka ɗaura mata, ta karanta sunan masauki, ta kai ta har ɗaki. Takan ce mini, "Ba a ɗaura wa mutum abu a hannu sai ana tsoron ya ɓata, ko ya mutu ba a san sunansa ba."

Ba ta son tafiya. In an je Makka umara, tana gama sa'ayi take neman mota. Kamar yawancin tsofaffinmu, burinta ɗaya ne: ta cika a garin nan, a kai ta maƙabartar Baƙi'a. Ko Jidda aka gayyace ta biki, sai ta ce, "In na faɗi a can fa?"

Bara ta fara ramewa. Likita ya kira ɗanta Saif da 'yarta Hibatullah, wadda ke aure a Kanada, ya ce ciwon daji ne a ciki, ya riga ya bazu, saura watanni. Yaran suka yanke shawarar kada a gaya mata. Suka ce mata gyambon ciki ne da ƙarancin jini. Ni sun gaya mini don ni ke raka ta asibiti, amma sai da Saif ya sa na rantse ba zan gaya mata ba.

Sai Hiba ta zo da maganar tsibirin. Can ne a tekun Karibiyan, ta taɓa zuwa da mijinta. Yarinyar tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa, kuma Hala take kirana, wato inna. Ta ce mini, "Hala Suhaila, tun da nake ban taɓa ganin Ummi zaune ba. A nan ko kwance take, baƙo ya yi sallama sai ta tashi ta ɗora shayi. Ina so in kai ta inda babu wanda ya san ta."

Na ce, "In ta cika a can fa?"

Ta ce likita ya yarda, kwana goma sha biyu ne kawai. Ta yi wa uwar kuka har ta amince.

Safiyarsu ita ce la'asar ɗinmu. Ranar farko ina yanka albasa saƙon muryar Zulfa ya shigo jawwal ɗina, wato wayata.

"Suhaila, mun sauka, amma ban san inda muka sauka ba. Na tambayi Hiba wa muka zo gaisarwa, ta ce ba kowa. Na ce to kabarin wa ke garin? Ta ce babu. Masallacin tarihi fa? Babu. To me muka zo yi? Wai hutu. Yini da kwana a sama, jirgi uku, don mu zo mu zauna! Ba kujera a gidana ne?"

Can wani ya sake shigowa.

"Mutanen duk baƙaƙe ne irinmu. Wata a bakin funduƙ ɗin, otel ɗin da muka sauka, sak gwaggona Khalida, har da wushiryar. Na ce sannu, ta yi murmushi. Na yi Larabci, murmushi. Na gwada ɗan Fillancin da na tsinta wurin mahajjata, sai ta miƙo mini tsumma mai sanyi a faranti. Me zan goge? Na goge musu teburin. Hiba ta kusa nutsewa don kunya."

Na yi dariya har albasa ta faɗi ƙasa. Sai na uku, muryarta ta yi ƙasa-ƙasa.

"Sun ɗaura mini awarwaro. Na roba, shuɗi, ba ya fita sai da almakashi. Hiba ta ce wai na cin abinci ne, da shi ake gane baƙin gidan. Wane irin abinci ne sai an ɗaure mutum?"

Washegari ta kira ni, na ji ƙarar ruwa a bayanta. Ta ce, "Ke, saurara. Gadaje ne jere a kan yashi, 'yan sirara. Kowa kwance, babu mai magana da wani. Wasu ana shafa musu magani a baya. In an jima sai su juya ɗaya gefen. Ma'aikata cikin fararen kaya suna zagawa da abin sha. Ga wani can a kan doguwar kujera, ba abin da yake yi sai sa musu ido. Shekara nawa na yi ina shiga mustashfa? Na san ta in na gan ta. Wannan ta masu hali ce kawai, shi ya sa babu rufi."

"Ya shaiha, wurin shan iska ne," na ce. "Rana suke sha."

"Rana? Mutum mai lafiya ya kwanta a rana da gangan?"

Mu da muka tashi muna gudun rana daga inuwa zuwa inuwa, ni kaina ban gane ba.

Komai na wurin ya ɗaure mata kai. Ba kiran salla, sai jawwal ya yi ƙara. An yi ruwan sama a rana ta uku, ta fito ta ɗaga hannu tana addu'a, sauran mutane suka kwashe tawul suka gudu kamar an watso musu wuta. Ta ce itatuwan suna kama da dabino, amma ba mai hawa, ba mai kula da su, wai kwakwa ce. Ta gyara gadonta da na Hiba tun da safe, mai shara ta zo ta warware ta sake. Kuma ga Hiba: tana ƙirga mata loma, tana ɗaukar ta hoto ko ruwa take sha, tana fitowa daga banɗaki da jajayen idanu ta ce gishirin teku ne.

Rana ta huɗu ta kira, ba ta ko gaishe ni ba.

"Hiba ta je ɗauko mini kifi. Ba zan tambaye ta ba, yarinya ce. Ke nake tambaya. In asibiti ne, me ya sa likita bai zo ba? In ba asibiti ba ne, me ya sa kowa ke lallaɓa ni?"

"Wallahi ba asibiti ba ne, Zulfa."

"Na ji, kin rantse a kan wurin. Yanzu rantse a kaina."

Na tuna rantsuwar da na yi wa Saif. Na kuma tuna ko a wane gefen duniya take, da ruwan da ke tsakaninta da Baƙi'a. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Habibti, ki dawo gida."

Ruwa kawai nake ji yana zuwa yana komawa.

"Wata nawa?"

"Likitan bai faɗi nawa ba."

"To. Halas, shi ke nan. Ga Hiba nan tafe."

Washegari na ciyar da mutum goma na kaffara. Na karɓi makulli wurin Saif, na share ɗakinta, na yi turare, don na tabbata jibi tana gida. Jibi ya zo, babu Zulfa. Sai hotuna. Ga ta zaune a kan irin gadajen nan da abayarta. Ga ta riƙe da kwakwa da tsinke a ciki, fuska a yamutse. Ga ƙafafunta cikin ruwa har idon sawu.

Na aika mata, "Ba ki ji abin da na ce ba ne?"

Ta amsa, "Kifinsu babu yaji. Sai da na shiga kicin na nuna musu."

Na ce, "Kin haukace? Shekara sittin da takwas kina tsaron abu ɗaya, kada ki cika a wajen Madina!"

Ta ce, "Yau mun ga kunkuru a cikin ruwa, ya kai faranti babba."

A rana ta tara zazzaɓi ya kama ta, ta kasa tashi. Saif ya zo ya gaya mini a bakin ƙofa, ya kasa kallona. Kwana biyu ban ci abin kirki ba. Ina ta tunanin a ce an binne ta a yashin nan, cikin mutanen da ko sallama ba su gane ba. Na rasa wa zan yi fushi da shi: Hiba, ko Zulfa, ko ni da na faɗa ko ni da ban faɗa da wuri ba.

Ta cika kwana goma sha biyunta cif. A keken marasa lafiya aka fito da ita daga jirgi. Da motar Saif ta shigo gari, ta ce a sauke gilashi, ta yi ta salati har gida.

Sai da baƙi suka ragu, mu biyu a ɗaki ina matsa mata ƙafa, na tambaye ta abin da ya hana ta dawowa.

Ta ce, "Na buɗe baki zan ce a mayar da ni. Sai na waiwaya na ga yarinyar ta yi barci a kan gadon yashin nan, bakinta a buɗe, ta riƙe gefen abayata. Ina jin tun da likitan ya yi musu magana ba ta yi barci irin wannan ba. Na ce bari ta farka tukuna. Da ta farka ta ce gobe za mu shiga kwalekwale. Na ce to, bayan kwalekwale. Haka dai."

"Ba ki ji tsoro ba?"

"Kullum. Kowace asuba sai na ce, ya Rabbi, kada ka kunyata ni a nan, ka kai ni gida."

"To kin huta kuwa?"

Ta yi tunani sosai kafin ta amsa. "Ban sani ba, Suhaila. Har na baro wurin ban gane abin da suke yi ba."

Ta ce kada in gaya wa yaran cewa ta sani sai an yi arba'in ɗinta. Kwana ashirin da shida ta ƙara, tana biye musu, tana cewa gyambon nan ya fara sauƙi. A ɗakinta ta cika. Aka yi mata salla a Harami bayan La'asar, maza suka ɗauke ta zuwa Baƙi'a, mu mata muka tsaya daga waje muna kallo ta cikin ƙarafan katanga har suka ɓace mana cikin jama'a.

A nan Hiba ta kama hannuna, ta ce da Larabci, "Alhamdu lillahi, Hala, ta tafi ba ta sani ba."

Na ce, "Allah ya ji ƙanta."

Jibi Hiba za ta koma Kanada. Ba ta iya karanta Hausa sosai ba, don haka gobe bayan La'asar zan kira ta ita da Saif, in zaunar da su, in karanta musu wannan da bakina. Ban san ko za su yafe mini ba.