Nadine, Bayanki Bai Taɓa Ciwo Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, da hantsi, zuciyar Nadine Culpepper ta tsaya tana ba dawakinta ciyawa. Shekarunta sittin da ɗaya. Ban ji daga bakin Royce, mai filin jirgin da muka yi wa bauta ba. A jikin allon sanarwa aka manna, kusa da jerin masu hawa jirgi, sai da wani ya karanta mini. Na riƙe wannan, Royce.

Ni ne Orval Brandt. Aji huɗu na bar makaranta na shiga tsinkar auduga, don haka kada kowa ya gyara mini rubutu.

Nadine, shekara ashirin da shida muna durƙushe a kan kafet ɗaya muna naɗe wa masu dirowa daga jirgin sama laimar sauka. Ke kina da takardar shaida mai hatimi, ni hannuna kawai. Ba ki taɓa goranta mini ba, ba kamar yaran yanzu ba.

Kowa ya san ki da haƙuri da igiya. Sabon shiga zai sauka, ya tsallaka ta cikin igiyoyinsa, ya kwaso su kamar wanki ya zube mana. Ni zagi nake farawa. Ke sai ki ce, "Kar ka ja, ɗana. Ja ƙulli yake ƙarawa. Nemo inda jakar laimar ta bi, ka mayar da ita ta nan." Ki zauna da shi har a warware, jirgi ya tashi ya bar shi, bai ma ji haushi ba. Ranar da wata yarinya daga garin Yuma ta sauko tana kuka, ke kika raba burodinki da ita, kika sa ta sake hawa kafin rana ta yi sanyi.

Shekara uku da suka wuce yanar ido ta fara rufe mini gani. Ban faɗa wa kowa ba. In Royce ya ji, kora ce, kuma ban iya komai ba sai wannan. Igiyoyin nan farare, sirara, suka fara haɗe mini. A watan ne kika zo kina dafe da ƙugu.

"Tsoho, bayana ya mutu. Mu raba aiki. Ni in bi igiyoyi daga kafaɗa har jikin laima, kai ka danne ka cusa a jaka."

Na ce, "Wato ke yawo, ni dako?"

Kika ce, "Jaki ai da kaya ya dace."

Na yarda, amma ban bar ki kin sha ruwa ba. A rumfa, a wurin gasa nama ranar Asabar, a gaban baƙi, na ce Nadine ta zama raguwa, ta sakar wa ɗan saba'in nauyi. Kina ji, sai dai ki miƙo mini kofi.

A maƙabarta na ce wa mijinki Wendell, ko ba komai ta huta da ciwon baya. Ya dube ni. Ya ce, "Wane baya, Orval? Matar da ke loda damin ciyawa arba'in ita kaɗai?"

Ina fushi da ke, Nadine, gara ki sani. Me ya hana ki faɗa mini ido da ido cewa kin gane ganina ya ragu? Na san amsar. Da na jefe ki da robar ɗaure igiya na ce ki kula da naki idon.

Asabar ɗin da ta biyo na shimfiɗa babbar laima ta mutum biyu. Wata mata na jira a bakin ƙofa, 'ya'yanta biyu riƙe da rigarta. Na zura yatsu tsakanin igiyoyin na taka har ƙarshe. Na ga kamar lafiya. Na sake, na ga kamar igiyar birki ta haye 'yar'uwarta. Sau huɗu, kowanne da abin da ya nuna mini. Shekara uku ashe idonki nake aro.

Na bar laimar a ƙasa. Na je na ce wa Royce a ba wani, ni ba na gani. Ya ce, "Ka ɗan huta, Baba." Bai ce in dawo ba, ni ma ban roƙa ba. Matar ta hau da naɗin wani, ta sauko lafiya tana ihu. Ni na kwashi tsumman gwiwata na fita ta ƙofar baya.

Wendell, da 'yarku Patrice, da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku. Allah ya jiƙan Nadine, ya yafe mata ƙaryar nan guda ɗaya, ya saka ta cikin ladanta. Ya haskaka makwancinta. Duk wanda ya diro daga jirgin nan a shekaru ukun nan ya koma gida da ƙafarsa, ya ce amin, don ita ya kamata ya gode wa, ba ni ba.