Wasiƙar da Na Rubuta Don Shanun Baba

A shekarar da na gama sakandare a Gusau, ba a daɗe da ba mu jiharmu ba, na koma gida Kekun Waje jiran sakamako. Na koma da akwatin ƙarfe, da katifa, da wata irin zalama ta manyan kalmomin Turanci. Ƙananan da kowa ya sani ba sa gabana. Dogayen nan nake so, waɗanda sai mutum ya ja numfashi kafin ya kai ƙarshensu.

Mijin yayata yana da shago a kasuwar Gusau, yana sayen tsofaffin jaridu dami guda don ƙunshe wa mutane sukari da gishiri. Duk ranar da na sami mota sai in je in zauna kan buhu, in tsince masu dogon sharhi kafin ya yayyaga su. Yakan ce bai taɓa ganin wanda zai shiga shago ya bar madara ya ɗauki takarda ba sai ni. Ban damu ba. In koma gida, in shimfiɗa jaridar a inuwar rumbu, in bi ta layi-layi da tsinke, duk kalmar da ta gagare ni in kwafe ta a littafina. Wani ɗan ajinmu ya bar mini ƙamus, amma gara ta cinye bayansa, daga harafin S har ƙarshe babu komai. Kalmomin da suka faɗa wannan yankin sai in tara su, in jira ranar da zan je Tsafe wajen kawuna, tsohon malamin gona da ya yi ritaya, wanda yake da cikakken ƙamus yana ajiye shi cikin leda.

Daɗin da nake ji a lokacin har yau ina tuna shi a jikina. Ka sha wahalar kalma yau, bayan mako ka ci karo da ita a wata jaridar, ka gane ta tun daga nesa kamar ɗan garinku a tashar mota. Ina tashi in zaga rumbu ina maimaita ta. Na gwada su a kan ƙannena, na gwada su a kan awaki. Inna ta taɓa leƙowa daga madafa ta same ni ina yi wa tunkiya jawabi, ta dube ni ta ce, "Allah shi ba ka lahiya," ta koma wajen tukunyarta.

Baba bai taɓa cewa komai a kan karatun nan ba. Hankalinsa yana kan shanun huɗarsa biyu, ja da fari. Da su yake huɗe gonarmu ta dawa da gero, kuma in babu su, sai dai mu koma garmar hannu mu noma rabi. Gab da faɗuwar damina, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai tari ya shiga shanun unguwarmu. Ya fara da na maƙwabcinmu, bayan kwana kaɗan farin san Baba ya ƙi cin harawa.

Dattawa suka taru a ƙofar gidan mai unguwa, suka yanke shawarar a rubuta wa malaman dabbobi na Bungudu. Suka ce a yi da Turanci, wai takardar Turanci ta fi saurin tashi daga kan tebur. Sai na ji muryar Baba yana cewa, "Ga yaron wajena nan, shi rubuta." Wallahi ji na yi kamar an naɗa ni sarauta. Wata shida ina tara kalmomi ban sami inda zan zuba su ba, yau ga gari guda ya miƙo mini takarda.

Kwana biyu na yi a kanta. Na rubuta, na yage, na sake. Duk inda ƙaramar kalma ta zauna sai in tashe ta in dasa babba. Akwai wata da na fi ƙauna, annihilate, wadda na tsinta a labarin wani yaƙi, ma'anarta a hallaka abu kakaf. Na sa ta a layin farko. Na bi ta da catastrophe, wato babbar masifa. Kowace safiya Baba yakan tsaya bakin ɗakina ya ce, "An gama?" in ce saura kaɗan. Ina jin tarin san daga turke, amma a raina ina ganin wasiƙar da za ta girgiza ofis ta cancanci a jira ta.

A garinmu ba a dangwala yatsa a takarda sai an mayar da ita Hausa, jimla-jimla, kowa ya ji da kunnensa. Haka ake yi ko takardar gona ce ko ta neman taki. Ran na uku da hantsi na tsaya gaban dattawa da shafi biyu cike, na karanta Turancin tukuna, don su ji nauyinsa. Ina karantawa kaina yana ƙara girma. Sannan na fara fassara: wata babbar masifa ta auka wa garinmu, ta hallaka shanunmu kakaf.

Mai unguwa ya ɗaga hannu. "Dakata. Mi kac ce?"

Na maimaita.

"Shanun sun ƙare?"

"A'a, ranka shi daɗe. Haka ake faɗa a Turanci don abin ya yi ƙarfi."

"To in sun ƙare, mi malamin zai zaka yi? Ta'aziyya?" Aka yi dariya. Shi bai yi ba. "Shanu ukku na ba lahiya. Ko ɗaya bai mutu ba. Ba ni sa yatsana ga takardad da ta kashe dabbar da ke tsaye. Rubuta abin da munka gani."

Sai suka shiga faɗa mini abin da suka gani, kowa yana ƙarawa. San yana tari, busasshe, ya fi yi da safe. Yana tsayawa ya ware ƙafafun gaba, ya miƙe wuya. Ya daina tuƙa. In ka danna haƙarƙarinsa sai ya yi nishi. Na riƙe biro ina kallonsu. Ina da kalmar rushewar gwamnati, ina da ta cin amanar ƙasa, amma ban san yadda ake cewa sa ya daina tuƙa ba. Ko kalmar malamin dabbobi da ta rigakafi suna cikin yankin da gara ta cinye. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi.

Ban tsaya cin abinci ba, na nemi mota zuwa Gusau, daga can na hau ta Tsafe. Kawu ya saurare ni, ya yi dariya har da buga cinya, sannan ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado. Ya ciro ɗan littafin Turanci mai hotuna a kan cututtukan shanu, irin waɗanda nake turewa gefe in na gan su cikin damin jaridu. Na buɗe, sai ga hoton sa a tsaye, ƙafafu a ware, wuya a miƙe, sak na Baba. A ƙarƙashinsa ga duk abin da dattawa suka faɗa, kowanne da kalmarsa. Akwai kalmar tuƙa, akwai ta numfashi da ƙyar, akwai ta cutar da ke yaɗuwa daga dabba zuwa dabba. Wasunsu ma sun fi nawa tsawo da wuya, sai dai kowace tana nuna abu guda da za ka iya taɓawa da hannu. Na yi ta karantawa ina duba ƙamus ina kwafewa cike da murna. Ban san Turanci ya san turken gidanmu ba sai ranar. Na dawo ina ta maimaita su a mota, har wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ɗauka wuridi nake yi.

Sabuwar wasiƙar layi bakwai ce. Washegari da safe na mayar da ita Hausa, ba wanda ya tsayar da ni. Mai unguwa ya ce, "Yawwa, wagga ita ta tamu," ya dangwala yatsa, saura suka bi. Na hau keke na kai ta Bungudu da kaina.

Da na dawo da la'asar na tarar da mutane a turke. Farin san ya kwanta ya kasa tashi, Baba ya sa an yanka shi kafin ya zama mushe.

Malamin dabbobi ya iso washegari a kan babur, da jakar allurai a baya da wasiƙata a aljihu. Ya ce wasiƙu suna zuwa musu da yawa masu cewa dabbobi sun ƙare, ba ya sanin me zai ɗauko. Wannan kuwa tun daga ofis ya gane ciwon huhu ne. Ya yi wa marasa lafiya allura, har da jan san Baba da ya fara tari a safiyar, ya sa aka ware su daga saura. Ina tsaye ina jin daɗi kamar in tashi sama, sai ya hangi fatar farin a shanye, ya tambayi yaushe ya fara ciwo. Aka gaya masa. Ya girgiza kai ya ce irin wannan ciwon, kwana ɗaya ma yana da yawa.

Ni na san inda kwana biyu suka tafi. Baba ma ya sani, shi ne yake tsayawa bakin ɗakina kowace safiya. Na sunkuyar da kai ina jiran ya faɗa, gaban kowa, kuma da ya faɗa da ban ga laifinsa ba.

Baba ya shafa wuyan jan san ya ce, "Kwanan wancan ne yaƙ ƙare, malam. Wanga kuwa takarda ta cece shi. Ɗana yar rubuta ta."

Jan ya warke. Da ruwa ya sauka muka haɗa shi da san maƙwabcinmu a karkiya ɗaya, kwana ɗaya gonarsa, kwana ɗaya tamu. Ba mu kai ƙarshen gonar ba a shekarar. Ɓangaren da ya rage ni na roƙi Baba ya bar mini, na yi ta huɗarsa da garmar hannu har tafukana suka fashe.